Ɗaura kilit a takalmin keke: amsa ga mai ciwon gwiwa da zafin yatsu

Kilit shi ne ɗan abin da ake ɗaurawa da noti a ƙasan takalmin keke, wanda yake shiga cikin feda ya kama ta. Tambayar da aka aiko ita ce: "Na sayi takalmin tseren keke na gwanjo da feda irin ta Shimano mai kama takalmi. Na ɗaura kilit a tsakiyar ramukan, na miƙar da shi sak. Yanzu in na yi kamar kilomita 40 sai gefen gwiwata ta dama daga waje ya fara ciwo, yatsun ƙafa kuma su riƙa zafi kamar na taka garwashi. Yaya ake ɗaura shi daidai?"

Ɗan'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai ka dakata da doguwar tafiya har sai ka gyara abin nan. Mai juya feda sau 90 a minti ɗaya yana lanƙwasa kowace gwiwa sau 5,400 a awa guda. In akwai karkata ko da ta digiri biyu ce a yadda ƙafa ta zauna, gwiwa za ta sha wannan murɗar sau 5,400 kafin awa ta cika, kuma ciwon da aka bari ya daɗe a nan wurin yana da wuyar rabuwa da mutum.

Kuskuren da ka yi shi ne wanda kusan kowa yake yi ran farko: ka daidaita kilit da takalmi, alhali da ƙafarka ya kamata ka daidaita shi. Takalmi a miƙe masana'anta ta ƙera shi, ƙafar mutum kuwa ba kasafai take a miƙe ba. Magabata a wannan wasa sun fi mu gane haka. A zamanin feda mai ɗan keji da maɗauri, in mahayi ya sayi sabon takalmi mai ƙasan fata, yakan hau da shi na wasu kwanaki babu kilit, har bakin feda ya yi wa fatar zane. A kan wannan zanen ake buga kilit da ƙananan ƙusoshi. Wato ƙafa ce take nuna wurin zamanta, maƙeri ya bi ta. Da kamfanin Look na Faransa ya fito da feda mai kama takalmi a 1984, Bernard Hinault kuma ya ci gasar Tour de France da ita a 1985, sai mahaya da yawa suka koma kanta, amma kilit na farko yana riƙe ƙafa cak, ba ta motsi ko kaɗan, kuma an sha kukan gwiwa. Shi ya sa a ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Time ya yi suna da feda mai barin diddige ya ɗan yi wasa hagu da dama. Wannan wasan na diddige shi ne rabin amsar tambayarka.

Duba launin kilit ɗinka. In na kamfanin Shimano ne mai noti uku, wanda ake kira SPD-SL, launi uku ne: mai rawaya yana ba da wasa na digiri 6, mai shuɗi digiri 2, mai ja kuwa babu wasa sam. A wajen Look, samfurin Keo, launukan sun sha bamban, kuma nan mutane suke ruɗewa: baƙi ne marar wasa, ruwan toka digiri 4.5, ja kuma digiri 9. Ja a Shimano ɗaure ne, ja a Look sake ne. In wanda ya sayar maka ya haɗa maka da jan Shimano, cire shi yau ka nemi rawaya. Marar wasa sai wanda ya san kusurwar ƙafarsa sarai, aka auna masa, aka gwada. Tunda kuma kayan gwanjo ne, ka tabbata kilit da feda gida ɗaya suka fito. Na Shimano da na Keo suna kama da juna a ido, ramukan notinsu ma ɗaya ne a takalmi, amma ba sa shiga fedar juna yadda ya kamata. Na taɓa ganin wanda ya matsa na wani gida da ƙarfi har ya shiga, ya kuwa ƙi fita a lokacin da ake bukata.

Bari mu fara da gaba da baya, domin nan zafin yatsunka yake. Ka sa takalmin da irin safar da kake hawa da ita, ka ɗaure shi kamar za ka fita, ka tsaya da nauyinka a kai. Lalubi gefen ƙafa ta ciki, za ka ji wani tudun ƙashi a gindin babban yatsa. Manna ɗan salatif a jikin takalmi ka yi alama da biro a daidai tsakiyar tudun. Koma gefen waje ka nemi irinsa a gindin ƙaramin yatsa, shi ma ka yi alama. Za ka ga ta wajen ta fi ta cikin komawa baya. Cire takalmin, kifa shi, ka ja layi daga kowace alama ya ratsa ƙasan takalmi. Yanzu kana da layi biyu da ɗan fili a tsakaninsu. A gefen kilit akwai wata 'yar alama da ke nuna inda sandar tsakiyar feda za ta faɗo. Wannan alamar kake so ta zauna tsakanin layukan nan biyu. Ka yi wa kowace ƙafa nata awon daban, domin ƙafafun mutum ɗaya sukan bambanta da 'yan milimita.

Tsohuwar koyarwa ita ce a sa sandar feda daidai ƙarƙashin tudun babban yatsa. Har yanzu akwai masu bin ta, kuma ba za a ce kuskure ba ce ga mai gajeren gudu da ke miƙewa tsaye yana fizgar keke. Amma ga mai doguwar tafiya, ni ina komar da kilit baya da wannan tudu kamar milimita 5 zuwa 10, ya danganta da girman ƙafa. Babbar ƙafa ta fi son a ƙara komawa baya. Dalilin a fili yake. Ƙafa kamar sanda ce da maƙallarta ke idon sawu. Duk yadda feda ta yi nisa zuwa wajen yatsu, haka sha-raɓa da agara za su ƙara aikin riƙe diddige kada ya faɗi ƙasa a kowane taki, kuma wannan aiki ne da ba ya tura keke gaba. Sannan nauyin taki yana taruwa a kan ƙasusuwan gindin yatsu, inda ƙananan jijiyoyi suke ratsawa tsakaninsu. In aka yi ta matsa su, sai su fara zugi, yatsu su mutu ko su ɗauki zafi. Garwashin da kake ji ke nan. Mai gyaran zaman keke ɗan Ostireliya, Steve Hogg, yana cikin waɗanda suka daɗe suna kiran a komar da kilit baya, wasu ma sun kai shi har kusan tsakiyar tafin ƙafa, amma wannan sai an huda takalmi ko an yi na musamman, kuma ba shi nake ba ka shawara ba.

Akwai abu biyu da ke biyo bayan komar da kilit baya. Na farko, ƙafarka ta zama kamar ta ɗan gajarta a kan feda, don haka in ka matsar da shi da yawa sai ka sauke sirdi da milimita biyu ko uku, in ba haka ba bayan gwiwa zai fara ja. Na biyu, kan takalmi ya ƙara matsowa kusa da tayar gaba. A ƙaramin keke, in ka karya kan sosai kana tafiya a hankali, yatsa zai iya gogar taya. Ka gwada a fili ka san inda yake taɓawa tun kafin ka shiga cunkoso.

Kada kuma ka ɗora wa kilit dukan laifin zafin nan. A zafinmu na watan Maris zuwa Mayu, kwalta tana turiri, ƙafa tana kumbura bayan awa ɗaya, takalmin da ya yi maka daidai da asuba zai matse ka da hantsi. Takalman tsere da yawa ma masu siririn gaba ne, mu kuwa da muka tashi da silifa da takalmi sake yatsunmu a baje suke. Ka sassauta maɗaurin gaba, ka bar na wajen idon sawu ya yi riƙon. In ka ciro shimfiɗar cikin takalmin ka taka ta a ƙasa ka ga ƙafarka ta zubo ta gefe da gefe, takalmin ya yi maka kaɗan, kuma babu wurin da za ka sa kilit ya warkar da wannan.

Yanzu gwiwa, wato karkatar kilit. Nemi teburi ko dakali mai tsawo ka zauna a bakinsa, ƙafafu suna lilo ba su taɓa ƙasa ba, gwiwa a lanƙwashe. Saki jiki, ka ɗan sunkuyo gaba kamar kana riƙe da kan keke, sannan ka duba ƙasa. Ina yatsunka suka nufa? Yawancin mutane suna ɗan buɗewa waje, wasu a miƙe, kaɗan suna kallon ciki. Sau da yawa dama da hagu ba sa zama ɗaya. Wanda ya taɓa gurɗewa a ƙwallo ko ya karye, wannan ƙafar takan ɗauki wata kusurwa tata. Yadda ka gan su a nan, kusan haka suke son zama a kan feda.

Ga inda kan mutum yake juyewa, don takalmi a kife yake a hannunka. Kilit kullum gaba yake kallo in ya shiga feda, takalmi ne yake karkata a kansa. Saboda haka in yatsunka waje suke nufa, diddige ya matso kusa da keke, sai ka juya hancin kilit ya ɗan kalli wajen babban yatsa. In yatsunka ciki suke kallo, hancin ya kalli wajen ƙaramin yatsa. Kaɗan ake juyawa, abin da bai fi kaurin farce ko biyu ba a hancin, domin ƙaramin motsi a nan yana zama babba a diddige.

A yadda ka ba da labari, zatona mai ƙarfi shi ne ƙafarka ta dama mai buɗewa waje ce, kai kuma ka tilasta mata miƙewa. In aka murɗo yatsu ciki fiye da yadda suke so, ƙashin ƙwauri yana juyowa da su, doguwar jijiyar nan da ta sauko ta gefen cinya daga ƙugu zuwa ƙasan gwiwa sai ta ɗaure, wurin da ta ratsa gefen gwiwa ya fara ciwo. Galibi haka ciwon waje yake zuwa, ko kuma daga haɗe ƙafafu kusa da juna fiye da kima, ko sirdi mai tsawo da yawa. Ciwon gefen ciki kuwa ya fi zuwa daga akasin haka, yatsu sun buɗe fiye da kima ko ƙafafu sun yi nisa da juna. Ciwon gaban gwiwa, wajen ƙoƙo, a sirdi nake fara neman sa, don yawanci ya yi ƙasa ne ko ya matso gaba.

Gwajin gaskiya a kan keke ake yin sa. Ɗaura kilit, hau, ka yi minti goma kana taki da ɗan nauyi a hanya marar cunkoso. Sai ka daina taki, ƙafa tana inda ta zauna da kanta, ka gwada motsa diddige ciki, ka dawo, ka gwada waje. Abin da ake so shi ne ka sami sauran wasa ta kowane ɓangare kafin ka ji feda ta tokare ka. In diddige yana tafiya waje amma ciki a toshe yake, ƙafarka tana jingine da bango ke nan, tana neman wurin da ba ka ba ta ba. Sauka ka ƙara juya hancin kilit wajen babban yatsa, ka sake gwadawa. Kada ka gaji da wannan hawa da sauka. Ni kaina in ina yi wa mutum, sau uku ko huɗu muke yi a ƙafa ɗaya, kuma nan ne duk aikin yake.

In ka ba diddige damar matsowa ciki, mai yiwuwa ya fara gogar hannun feda ko ƙarfen firam na baya. Za ka ga fenti yana gogewa a wurin. Wannan ya kawo mu ga gyara na uku, hagu da dama. Kilit yana da ɗan fili na matsawa gefe. In ka tura shi wajen babban yatsa, ƙafa tana fita nesa da keke. In ka tura shi wajen ƙaramin yatsa, tana matsowa ciki. Mai faɗin ƙugu, ko wanda gwiwoyinsa suke buɗewa waje in feda ta hau sama, yawanci yana son ƙarin faɗi. Mai gwame, wanda gwiwa take shigowa tana neman taɓa firam, sau da yawa akasin haka. Sa wani ya bi ka a baya ko ya tsaya gabanka ya ɗauki bidiyo da waya: ana so gwiwa ta riƙa hawa da sauka a saman ƙafa, kada ta riƙa zana da'ira. In filin kilit ya ƙare ba ka sami faɗin da kake so ba, ana sa washa ta milimita ɗaya ko biyu tsakanin feda da hannunta, kada ta wuce haka don zaren feda ya sami isasshen kamu. Shimano kuma suna yin wasu fedoji da sandarsu ta fi ta kullum tsawo da milimita 4.

Za ka ji ana maganar wasu siraran robobi masu gangare da ake cusawa ƙarƙashin kilit don karkata tafin ƙafa, da masu kauri don wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Suna da amfani a wurinsu, amma kada ka taɓa su yanzu. Mutum yakan ga kamar ƙafarsa ɗaya gajera ce alhali zamansa ne a karkace, in ya cusa roba sai ya ƙara wa kansa matsala. Wannan sai wanda ya iya ya auna ka.

Wajen ɗauri, goge ƙasan takalmi tas, ka shafa ɗan giris a zaren kowane noti, ka sa washoshin da suka zo da kilit yadda suke. Ɗaura su bi da bi, kaɗan-kaɗan, domin in ka gama da ɗaya kafin ka taɓa sauran, kilit yana juyawa ya bar inda ka ajiye shi ba ka sani ba. Alanki mai lamba 4 ne yake shiga. Shimano sun ce a ɗaure da ƙarfin niyuton-mita 5 zuwa 6. In ba ka da sifana mai auna ƙarfi, ɗaure shi tamau da ɗan gajeren alanki, ba tare da ka ƙara masa bututu ko ka hau kai ba. Tunda takalmin na hannu ne, leƙa cikin ramukan ka ga ko zaren bai cinye ba, ka kuma tabbata notin bai yi tsawon da zai tokari tafin ƙafarka ta ciki ba. Bayan fita ta farko da ta biyu ka sake bin su da alanki. Wannan ya fi muhimmanci ga masu ƙaramin kilit na ƙarfe mai noti biyu, SPD, wanda Shimano suka fito da shi a 1990 don keken daji: in noti ɗaya ya faɗi, takalmi yana juyawa a kan ɗayan, ka murɗa diddige iya murɗawa feda ba za ta sake ka ba.

A bayan feda akwai ɗan noti mai alamar ƙari da ragi, shi ne yake saita ƙarfin kamu. Mayar da shi can ƙarshen ragi, ka jingina da bango ka koyi shiga da fita sau da yawa a kowace ƙafa, diddige waje, har jiki ya riƙe. A titunanmu, inda ɗan adaidaita sahu zai iya tsayawa gabanka babu sigina, fitar ƙafa cikin ƙiftawar ido ta fi ƙarfin kamu amfani nesa ba kusa ba.

Kilit na roba ba ya son tafiya a ƙasa, mu kuwa muna sauka mu yi salla, mu sayi ruwa, mu taka yashi da tsakuwa. Nemi murfin roba da ake sa masa, yana shiga aljihun riga, ko ka riƙe silifa marar nauyi. Yashin da ya maƙale yana cin kilit da feda tare, yana kuma hana wasan nan tafiya sumul, musamman lokacin hunturu da ƙura take ko'ina. Tsohon buroshin haƙori ya isa ya share shi. Kilit na ƙafar da kake saukewa a tsayuwa shi yake riga cinyewa. In robar mai launi da ke kusurwoyin ta ƙare, ko ka ji takalmi yana rawa gefe da gefe a kan feda, lokacin canji ya yi, domin kilit da ya cinye yana barin ƙafa ta kwanta gefe, gwiwa kuma ta biya. Wanda yake yawan sauka yana tafiya da ƙafa, gaskiya SPD mai noti biyu ya fi masa, don kilit ɗin yana ɓoye cikin ƙasan takalmi, sai dai takalminsa daban ne sai in naka yana da ramukan iri biyu.

Ga yadda zan so ka bi abin a makon nan. Ka sa rawayan kilit, ka komar da shi baya tsakanin layukan nan biyu, ka juya na dama gwargwadon abin da ka gani a kan teburi, ka yi gwajin wasa. Daga nan duk gyaran da za ka ƙara, ɗaya-ɗaya za ka riƙa yi, milimita biyu a lokaci guda, ka hau sau biyu ko uku na kilomita 15 zuwa 20 kafin ka sake taɓa wani abu. In ka canza kilit da sirdi da kan keke rana ɗaya, ko ka ji daɗi ba za ka san wanne ya yi aiki ba, in kuma ya ƙara lalacewa ba ka san inda za ka koma ba. Ran da ka dace, ɗauki alƙalami mai farin fenti ko mai ruwan azurfa ka zagaye kilit a jikin takalmi, ka ɗauki hotonsa, don ran canji ka ɗora sabo a kan zanen.

In bayan mako biyu da wannan gyara gwiwar ba ta lafa ba, ko ta kumbura, ko tana ciwo in kana saukowa daga bene ko kana durƙuson salla, ka ajiye keken ka je asibiti wajen likitan ƙashi ko masu gashin ƙashi, ka tafi da takalmin a hannu ka nuna musu yadda ƙafar take zama a kai.